Tambayoyin Masu Karatu: Faifan Fairport, Sabon Bugu Ko Tsoho?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a birnin Leeds na ƙasar Ingila. Wani malaminmu ya kunna mana waƙar wata ƙungiya mai suna Fairport Convention, tun daga ranar muryar matar da ke rerawa ta ƙi fita daga raina. Da na je shagon faya-fayai sai na tarar da faifansu, Liege & Lief, iri biyu. Akwai sabon bugu a cikin leda, an manna masa takarda cewa nauyinsa giram 180 ne. Akwai kuma tsoho na 1969, kwalinsa ya ɗan sha jiki, amma kuɗinsa ya ninka na sabon. Mai shago ya ce tsohon ne na gaske. Abokina kuma ya ce sabon ya fi, tunda ya fi nauyi. Ka san aljihun ɗalibi. Wanne zan saya? Kuma me ya sa ake girmama faifan nan haka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. In ka ce in faɗa maka a baki ɗaya, to sayi sabon, amma ba don nauyinsa ba. Sai dai bari in fara da tambayarka ta biyu, domin wanda bai san abin da ke cikin faifan ba, ba shi da dalilin kashe ko sisi a kansa.

Fairport Convention samari ne 'yan arewacin Landan da suka haɗu a 1967. Da farko hankalinsu na Amurka, waƙoƙin su Bob Dylan da Joni Mitchell suke ɗauka suna rerawa. Can Amurka ne salon da ake kira fok rok ya fara tashe a 1965, wato waƙa irin ta gargajiya a bisa jitar lantarki da ganguna. A watan Yulin shekarar Dylan ya hau dandalin bikin Newport da kayan lantarki, wasu 'yan kallo suka yi masa ihu don suna ganin ya ci amanar gargajiya. Cikin masu kula da sauti a daren nan har da wani saurayi Ba'amurke, Joe Boyd. Shi ne daga baya ya zauna a Landan ya zama mai shirya wa Fairport faya-fayai a ƙarƙashin kamfanin Island, kamfanin da mutanenmu suka fi sani ta dalilin Bob Marley.

Matar da muryarta ta tsaya maka a rai, Sandy Denny ke nan. Ta shigo ƙungiyar a 1968, ta taso daga ƙananan gidajen waƙar gargajiya na Landan, kanta cike da tsofaffin waƙoƙin Ingila da Sukotilan waɗanda samarin ba su damu da su ba a da. A shekarar 1969 kaɗai faya-fayai uku suka fitar. Tsakanin na farko da na ƙarshe kuwa ƙaddara ta gifta. Ran 12 ga Mayu, cikin dare, suna komowa daga wasa a Birmingham, motarsu ta yi hatsari a babbar hanyar M1. Makaɗin gangunansu Martin Lamble, yaro ɗan shekara 19, ya mutu, haka ma Jeannie Franklyn, budurwar mai jitarsu Richard Thompson. Saura ƙiris ƙungiyar ta watse. Da suka yanke shawarar ci gaba, sai suka ga ba za su iya komawa kan waƙoƙin da suke yi da mamacin ba. Dole a nemi sabuwar hanya, kuma sabuwar hanyar sai ta zama tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu.

Suka kama hayar wani babban gida a ƙauyen Farley Chamberlayne da ke yankin Hampshire, suka tare a ciki suna gwaji. Mai jitar bas, Ashley Hutchings, ya riƙa zarya zuwa ɗakin karatu na gidan Cecil Sharp a Landan, inda aka tara waƙoƙin da Sharp da ire-irensa suka bi ƙauyuka suna rubutawa daga bakin dattawa tun farkon ƙarni na 20. Suka jawo Dave Swarbrick, gwanin gogen Turawa, wanda ya girme su duka kuma ya riga ya yi suna a fagen gargajiya, aka jona wa gogensa lantarki. Suka ɗauko sabon makaɗi, Dave Mattacks, wanda ya saba kiɗa a gidajen rawa. Shi a ganina ya fi kowa shan wuya, domin waƙoƙin nan da baki kawai aka gaje su, ba wanda ya taɓa ɗora musu ganga. Sai da ya zauna ya gano inda zai buga da inda zai ɗaga hannu ya bar murya ta wuce. Simon Nicol ne cikon na shida, shi ma da jita. A kaka suka shiga sitidiyon Sound Techniques a unguwar Chelsea, injiniya John Wood ya ɗauki sautin, faifan ya fito a Disamba ya kai lamba 17 a jerin cinikin Birtaniya.

Waƙa takwas ce, huɗu a kowace fuska, duka wajen minti 40. Uku daga ciki su suka tsara, sauran gado ne. Akwai Matty Groves, labarin matar wani basarake da ta ja saurayi zuwa ɗakin mijinta, bara ya kai rahoto, maigida ya dawo ya kashe su duka biyun. Gara ka sani tun yanzu, kada ka kunna a gaban manya kana zaton waƙar soyayya ce: labarin cin amana ne da abin da ya haifar, kuma waƙar ba ta yi wa kowa ado ba. Akwai Tam Lin, wadda an ambaci sunanta a rubuce tun 1549, labarin budurwa da ta ƙwato masoyinta daga hannun sarauniyar aljanu ta hanyar riƙe shi gam yayin da ake rikiɗa shi zuwa dabbobi iri-iri. Dukansu biyu suna cikin waƙoƙi 305 da Francis James Child, malami a jami'ar Harvard, ya tattara ya buga tsakanin 1882 da 1898.

Masu rubutu sun fi son su ce faifan nan ne ya buɗe ƙofar fok rok na Ingila, kuma gaskiya ne. Ni abin da ya kama ni daban ne, wato haƙurinsu. Yara ne, Thompson yana da shekara 20, Denny 22, ga lantarki a hannu, ga lasifika manya, amma ba su danne labari da ƙara ba. Ka saurari waƙa ta biyu, Reynardine: kusan babu bugun ganga mai tafiya, sai sauti yana tashi yana kwantawa a bayan murya, ita kuma tana jan kowace kalma ba gaggawa. Sannan ka ji ƙarshen Matty Groves, bayan an gama labari, yadda goge da jita ke bin juna har na 'yan mintuna. Sun san lokacin kame hannu, sun san lokacin saki.

Kafin faifan ya shiga kasuwa ma Denny da Hutchings sun bar ƙungiyar. Hutchings ya je ya kafa ƙungiyar Steeleye Span, Denny ta kafa tata mai suna Fotheringay, ta mutu a Afrilun 1978 tana da shekara 31. Ke nan mutum shidan nan faifai ɗaya tak suka yi tare. A 2006 masu sauraron BBC Radio 2 suka zaɓe shi a matsayin faifan gargajiya mafi tasiri, a 2007 kuma biyar ɗin da suka rage suka sake rera shi daga farko zuwa ƙarshe a bikin da ƙungiyar ke yi duk watan Agusta a ƙauyen Cropredy. Tunda kana ƙasar, in hutu ya ba ka dama, ba nisa ba ne sosai.

To yanzu maganar nauyi. Abokinka ya yi kamar mai sayen shadda da ya tsaya kan ƙyallin bugu bai duba zare ba. Ga yadda ake yin faifai. Ana ɗauko tef ɗin asali da aka ɗauka a sitidiyo, a kunna shi, sautin ya bi ta wata na'ura mai tsini wadda ke yanka siririyar tsaga a jikin farantin alminiyom da aka shafe da wani abu mai laushi. Daga wannan faranti ake fitar da hatimin ƙarfe. Sai a sa curin roba mai zafi tsakanin hatimi biyu a matse, a sanyaya, faifai ya fito. Zurfin tsagar da duk wata lanƙwasa da ke cikinta, wadda ita ce sautin, tun a wurin yanka aka gama da su. Ko curin robar giram 120 ne ko 180, hatimi ɗaya ne ya hau kansa, tsaga ɗaya zai bari. Faifai mai nauyi ya fi daɗin riƙo, ya fi zama daram a kan na'ura, ba na musu. Amma ba ya ƙara wa muryar Sandy Denny komai. Faya-fayan da na yi shekaru ina jerawa a ɗakin ajiya na gidan rediyo yawancinsu marasa nauyi ne, wasu har lanƙwasa su kake yi da yatsa biyu, kuma cikinsu akwai masu sautin da har yau ban ji kamarsa ba.

Abubuwan da ke raba bugu mai kyau da maras kyau uku ne: daga ina aka ɗauko sautin, wane ne ya yanka, wace masana'anta ta matse. Nan mai shagonka yake da tasa gaskiyar. Lokacin da aka yanka bugun 1969, tef ɗin sabo ne fil, kuma mutanen da suka yi aikin suna nan da ransu suna iya cewa a'a. Yau tef ɗin ya haura shekara 50, kowace kunnawa tana ɗan cinsa, shi ya sa kamfanoni da yawa sukan kwafe shi zuwa kwamfuta su yanka daga nan. Wasu masoya faifai suna ɗaukar wannan kamar zunubi. Ni ban yarda ba, kuma akwai abin da ya faru da ya isa misali. A 2022 ya bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda ake sayen faya-fayansa da tsada don ana ganin daga tef kai tsaye yake yanka, ya daɗe yana bi ta kwafin dijital a wasu bugunansa. Kamfanin ya amsa ya nemi afuwa, aka kai shi kotu, aka sasanta. Laifin ɓoyewa laifi ne babba. Amma ka lura, shekara da shekaru masu ji da kunnensu suna yaba faya-fayan nan, ba wanda ya ji dijital ɗin. Kwafi mai kyau a hannun gwanin yanka ya fi tef na asali a hannun mai garaje.

Mai shago zai ce maka da tsohuwar zuma ake magani. Haka ne, in an adana ta da kyau. Tsohon faifai ba ka san hannu nawa ya bi ba. A shekarun nan na 1970 yawancin samari da ƙananan na'urori masu nauyin allura suke kunnawa, wasu allurar ta dushe ba su canza ba. Irin wannan allura tana karce bangon tsaga, kuma ɓarnar ba ta ganuwa da ido. Faifai zai yi ta sheƙi a ƙarƙashin fitila, ka kunna ka ji murya tana tsatsa duk inda ta ɗaga. Ba wanki, ba magani. Rabin kuɗin tsohon bugu ma ba na sauti ba ne, na tambarin nan ne ruwan hoda na Island da lambar ILPS 9115, waɗanda masu tara kayan tarihi ke farauta. Kai kuwa saurare kake so.

Ga gwajin da za ka yi, ko wanne ka ɗauka. Ka roƙi mai shago ya ɗora maka waƙar ƙarshe ta kowace fuska, Farewell, Farewell a ta farko, Crazy Man Michael a ta biyu. Dalili shi ne faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya ko'ina allura take, amma a bakin faifai tsagar tana wucewa ƙarƙashinta da gudun wajen santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa wajen 20 kawai. Sauti ɗaya ne ake cusawa a wuri ƙarami, don haka can ciki ne duk wani aibi ke fara fitowa. Waƙoƙin nan biyu masu sanyi ne, murya ce a gaba, ba ƙarar da za ta rufa wa faifan asiri. Ka kasa kunne ga harafin "s" a bakinta. In ya fito sumul, faifan lafiyayye ne. In ya fashe yana feshi, ajiye shi ko da na 1969 ne.

Shi ma sabon ba a rufe ido a kansa. Kasuwar faifai ta farfaɗo ƙwarai: a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, na CD miliyan 33, karo na farko da garmaho ya wuce tun 1987. A shekarun nan masana'antu kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, ga shi a Fabrairun 2020 gobara ta cinye Apollo Masters a Kalifoniya, ɗaya daga cikin kamfanoni biyu kacal a duniya da ke yin farantin yanka a lokacin. Inda aka yi gaggawa, ana samun faifan da raminsa bai zauna a tsakiya ba, ko wanda ya fito a banƙare. Ka buɗe shi ranar da ka saya, ka ɗora, ka durƙusa ka kalli gefensa yana juyawa. In yana hawa da sauka, ko hannun allura yana kai-komo hagu da dama, mayar da shi da rasit ɗinka, haƙƙinka ne. Ka kuma karanta ƙananan rubutun bayan kwali: kamfanin da ke alfahari da aikinsa yakan faɗi wanda ya yanka da inda ya ɗauko sautin. Sannan ka duba ko kwalin mai buɗewa biyu ne kamar na asali, domin a cikinsa akwai hotuna da bayanai kan al'adun gargajiyar ƙasar, kuma suna taimaka wa baƙo irinmu ya gane duniyar da waƙoƙin suka fito. Ragowar kuɗin da ka tsira da su, ka saya wa na'urarka allura mai kyau.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar Damagaram ce. Mahaifinmu ya rasu ya bar akwati cike da faya-fayai, akwai na Shata da Ɗan Maraya Jos, akwai na Indiya da na Turawa. Duk sun yi ƙura, wasu sun lanƙwashe. Ƙanena ya ce a goge su da kananzir. Ya zan yi?

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. 'Yar'uwa, ki hana ƙanenki tun kafin ya buɗe galan. Kananzir, fetur, man goge takalmi, duk kada su kusanci faifai.

Ki fara da raba su gida biyu. Masu ɗan laushi, waɗanda aka rubuta 33 ko 45 a tambarinsu, na roba ne. In kin ga masu kauri da nauyi, masu tauri kamar tangaran, yawanci an rubuta 78, waɗannan na tsohon garmaho ne wanda ake yi wa wani da hannu, kuma ba da roba aka yi su ba. Suna fashewa in sun faɗi, sinadarin sifirit yana narkar da fuskarsu, kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri. Su ki share su da busasshen burushi mai laushi kawai, ki ajiye.

Na robar kuwa, ki nemi tataccen ruwa a kyamis, ki ɗiga masa sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo ɗaya ko biyu. Ki jiƙa ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare, ki bi tsagar a zagaye yadda allura ke bi, kada ki ratsa ta. Ki kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. Ki ɗauraye da ruwan zalla, ki jingina a inuwa ya bushe sarai kafin ya koma riga. Ruwan rijiya yana barin gishiri a cikin tsaga, shi ya sa na ce tatacce. Riƙo kuwa ta gefe da tsakiya, kada yatsa ya taɓa fuska, domin maiƙon hannu shi ke kama ƙurar hunturu ya mayar da ita laka.

Lanƙwasar nan aikin zafi ne da danni. An kwantar da su bisa juna a akwatin ƙarfe, bazara bayan bazara ta bi ta kansu. Daga yau a tsaye za su zauna, kamar yadda ake jera littattafai, ba matsi ba sakaci, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Wanda ya ɗan karkace kaɗan yakan kunnu. Wanda ya banƙare sosai, kada ki saurari masu cewa a shanya shi a rana tsakanin gilasai biyu, sau da yawa tsagar ce ke narkewa a rasa duka.

Ina roƙonki abu ɗaya game da na Hausar. Faya-fayan Turawa irin wanda muka yi magana a sama, kamfanoninsu suna da tef a ajiye, gobe ma za su sake bugawa. Namu ba su sami wannan gatan ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma yawancin abin da ke yawo a wayoyi kwafin kwafin kaset ne, sauti ya dushe. Mai yiwuwa faifan da ke akwatin mahaifinku ya fi duk waɗannan tsabta. Kada ki sayar wa masu awo a kilo. Ki nemi wanda ke da na'ura mai kyau ya kwafe su zuwa kwamfuta, a ɗauki hoton tambarin kowanne da kwalinsa, gaba da baya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, daga Kaduna nake. Yayana ya aiko mini da tsohuwar na'urar faifai daga Amurka. Na saya mata taransifoma, tana juyawa, amma waƙa tana fita a hankali, murya ta yi kauri. Kuma da na jona ta da lasifikata sautin ƙasa-ƙasa ne, ba nauyi. Ta lalace ne?

AMSA: Ba ta lalace ba, ɗan'uwa, matsala biyu ce daban-daban kuma kowacce da maganinta. Wutar Amurka bolt 120 ce, tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu bolt 230 ce, sau 50. Taransifomarka ta rage ƙarfin wutar, amma ba ta taɓa yawan kaɗawar ba, kuma injin tsofaffin na'urori da yawa da wannan kaɗawar yake auna gudunsa. Sai ya zama faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi yana juyawa wajen sau 28. Magani shi ne a canza ɗan ƙaramin gargaren da ke kan injin, wanda bel ke zagayawa, a sa na ƙasashe masu 50. Ka aika wa yayanka sunan na'urar da lambarta ya nemo maka. Ka kuma sani in kana kan janareta, gudun zai riƙa rawa duk lokacin da firiji ya tashi, don haka wutar inbata mai kyau ta fi mata.

Ƙarancin sauti kuma, haka aka ƙera abin. Tun shekarun 1950 ake rage sauti mai kauri a ƙara siriri lokacin yanka faifai, don tsagar ta yi ƙanƙanta waƙa ta sami wuri. Dole a sami abin da zai mayar da shi daidai ya kuma ƙara masa ƙarfi kafin ya isa lasifika. Ka duba bayan amfilifayarka, in akwai ramin da aka rubuta Phono, nan za ka jona. In babu, akwai ɗan akwati da ake sayarwa don wannan aiki, ana sa shi tsakanin na'urar da amfilifaya. Akwai kuma wata siririyar waya da ke fitowa tare da manyan wayoyi biyun da ake jonawa, ita ce ta ƙasa, ka ɗaure ta a ɗan kusoshin da aka tanada kusa da ramin, in ba haka ba za ka riƙa jin gunji a bayan kowace waƙa.